Akwati Mai Kwaɗo Uku: Shekara Shida a Asusun Mata Masu Dubara

Shekara shida ke nan ina riƙe da littafin wata ƙungiyar asusu ta mata a ƙauyen da nake koyarwa, kudu da birnin Maraɗi, gefen hanyar da ke bi ta Ɗan Isa ta shiga Jibiya. Mu 28 ne, muna haɗuwa kowace Alhamis bayan la'asar a tsakar gidan shugabarmu, kuma tsarin da muke bi shi ne wanda duk Nijar ta sani da suna Mata Masu Dubara. 'Yan'uwana na Katsina da abokan aikina malamai sun sha tambayata ko wannan asusu ya cancanci a shiga, ko kuwa adashi ne kawai aka sauya wa riga don masu ba da agaji su sami abin rubutawa a rahoto. Amsar da nake ba su ita ce ya cancanta, sai dai dalilina ya sha bamban da na masu tallata shi, kuma yana da wuraren da ya gaza waɗanda ya kamata mace ta sani tun kafin ta zuba ko dala ɗaya.

A nan jihar Maraɗi aka haifi tsarin, a 1991, lokacin da ƙungiyar agaji ta CARE, da tallafin reshenta na ƙasar Norway, ta fara aiki da matan wasu ƙauyuka ƙarƙashin jagorancin wata mata mai suna Moira Eknes. Shekara guda kafin nan babban bankin raya ƙasa na gwamnati, BDRN, ya durƙushe, kuma ko da yana raye matar ƙauye ba ta taɓa taka ƙofarsa ba. Abin da ya raba wannan aiki da sauran ayyukan agaji na wancan zamani shi ne ba a kawo wa matan jari daga waje ba. An ɗauki adashin da suka gada, aka yi masa doka da akwati, aka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Daga Maraɗi dabarar ta tafi Mali, ta tafi Zanzibar da Uganda da Mozambik, ta kuma shiga ƙauyukan arewacin Najeriya da sunan VSLA, wato ƙungiyoyin ajiya da rance na ƙauye, har wasu da ke amfani da ita can ba su san cewa a kan tabarmar matan Hausa aka fara gwada ta ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, da kwanoni biyu na zubi, da ƙaramin littafi na kowace mace, da hatimi da tawada. Mu dai wata mata ce daga ƙauyen da ke makwabtaka da mu, wadda ta daɗe a cikin tsohuwar ƙungiya, ta horar da mu na tsawon kusan shekara, kuma mu muka riƙa biyan ta ladanta daga aljihunmu har ta yaye mu. Ga masu karatu na Najeriya, a nan da dala ake ƙirga kuɗi: dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuwa sefa 1,000. Hannu ɗaya a wurinmu dala hamsin ne, wato sefa 250, kuma mace tana iya zuba hannu ɗaya zuwa biyar a mako gwargwadon ƙarfinta, a buga mata hatimi ɗaya a kan kowane hannu. Daga cikin abin da aka tara ake ba mai bukata rance, wanda ba ya wuce ninki uku na abin da ta ajiye, ta biya cikin wata uku. Idan shekara ta zagayo sai a karɓo duk basussuka, a fasa akwati, a raba uwar kuɗi da ribarta bisa yawan hatimin da ke littafin kowa. Bara, wadda ta riƙa zuba hannu biyu har mako 48 ta ajiye jika 24, ta tashi da kusan jika 29.

Wanda ya san adashi zai ga bambancin nan take. A adashi, ranar ɗaukarki tana zuwa ne bisa layi, ko kina da bukata a lokacin ko ba ki da ita, kuɗin ba ya haihuwa, kuma komai yana rataye a kan amanar mutum ɗaya, wato uwar adashi. A asusu kuwa rance yana bin bukata, kuma babu mace ɗaya da za ta iya taɓa kuɗin ita kaɗai. Mabuɗan uku suna hannun mata uku a gidaje uku, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu wadda ba ta da mabuɗi ko ɗaya, ba a kuma buɗe shi sai a gaban taro.

A ganina waɗannan kwaɗuna uku su ne ainihin abin da ake sayarwa a nan, kuma su kaɗai sun isa dalilin shiga. A addini da al'ada, dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko da ita. Amma duk wadda ta zauna a gidan Bahaushe ta san cewa kuɗin da ke ƙulle a bakin zane, ko a ƙarƙashin katifa, ko a cikin kwanon jere, kuɗi ne da kowa yake da rabo a ciki. Maigida zai tafi ci-rani ba shi da kuɗin mota, ƙanen miji ya zo da matsala, ƙawa ta haihu dole a mayar da biki, yaro yana kuka mai alewa yana wucewa. Babu wanda ya ƙwace, roƙo ne kawai, kuma kunya ba ta barin mace ta ce a'a alhali ta san yana nan. Ta haka ribar ƙosai ta wata guda takan zube ba a san inda ta shiga ba. Wata dattijuwa a cikinmu, wadda duk muke kira Gwaggo, ta taɓa fassara mini abin da kalmomin da ban iya zarce su ba. Ta ce, "Malama, da can in na ce babu, ƙarya na yi, kuma fuskata takan tona ni. Yanzu in na ce babu, gaskiya na faɗa, don mabuɗan suna gida uku." Akwatin ya ba mace hanyar hanawa ba tare da ta ɓata da kowa ba, kuma ya tsare kuɗin daga hannunta ita kanta, wanda sau da yawa ya fi na kowa saurin kashewa. Na yi shekaru ina karɓar albashi, amma ban taɓa riƙe jika 50 dunƙule da na tara da kaina ba sai ranar da aka fasa akwatinmu na farko.

Abu na biyu da nake yabawa shi ne yadda ake lissafi a bainar jama'a. Ana kiran kowace mace da lambarta, ta taso ta zuba a kwano, mata biyu masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi kowa yana ji. Kafin a rufe akwati a faɗi jimillar abin da ke ciki, kowa ta riƙe a ka, mako mai zuwa kuma kafin a sa mabuɗi sai an tambayi taro nawa aka bari. Ƙungiyoyin farko na shekarun 1990 ma da ka kawai suke riƙe lissafinsu, domin da wuya a sami mai karatu a cikinsu. A tamu ƙungiya mu huɗu ne muka iya karatun boko, kuma da farko na zaci littafina ne madogara. Wata Alhamis littafin ya nuna wata mata tana da sauran bashin dala ɗari, ita kuwa ta ce ta biya makon jiya. Kafin in buɗe baki mata biyar sun faɗi ranar, da irin takardar kuɗin da ta miƙa, da wadda ke zaune kusa da ita. Da na duba sai na tarar ni ce na rubuta a layin maƙwabciyarta. Aka ci ni tarar dala biyar, daidai da ta wadda ta makara ko ta yi surutu ana ƙirga, na kuwa biya ana dariya. Tun daga ranar na daina ɗaukar kaina a matsayin mai koya musu lissafi.

Idan aka zo kan rance, yabon nawa yana raguwa. Yawancin ƙungiyoyi suna sa ƙarin kashi 10 cikin ɗari a wata, wato wadda ta ɗauki jika 10 za ta ɗora jika ɗaya kowane wata har ta biya. In aka lissafa a shekara ya kai kashi 120, alhali a 2014 hukumomin kuɗi na ƙasashen sefa na yammacin Afirka sun ƙayyade wa ƙananan bankunan rance kashi 24 a shekara a matsayin iyaka. Masu kare tsarin suna cewa ai kuɗin ba ya fita waje, yana komawa akwati a raba wa masu shi, kuma gaskiya ne. Amma ni da ke riƙe da littafi na ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Masu yawan cin bashi su ne masu hannu ɗaya ko biyu, waɗanda jarinsu bai kai ba, masu hannu biyar kuwa da wuya su nemi rance, amma ranar rabo su ke kwashe kaso mafi tsoka na ribar. Ke nan, ba tare da kowa ya nufa ba, gumin mai ƙaramin ƙarfi yana gangarawa zuwa ga mai babban ƙarfi. Ƙayyade zubi a hannu biyar ya rage abin, amma bai kawar da shi ba.

Sannan ga maganar addini, wadda ba ƙarama ba ce a wurinmu. A shekararmu ta biyu limamin gari ya yi wa'azi a kan kuɗin ruwa, kuma a mako guda mata uku suka ce mazansu sun hana su zuwa. Wasu daga cikinmu suka fusata suka ce hassada ce, ni kuwa ban ga haka ba, domin tambayar tana da tushe, kuma mata da yawa sun daɗe suna jin nauyinta a zuci ba su furta ba. Muka tura dattijai biyu suka zauna da shi, aka fito da hanyar da muke bi har yau. Wadda ke son jari ba a ba ta kuɗi a hannu, ƙungiya ce ke sayen kayan, buhun gyaɗa ne ko wake ko jarkar mai, ta sayar mata a kan farashin da aka amince tun farko, ta biya a hankali, kuma ko ta yi jinkiri ba a ƙara mata ko dala. Wadda ta ranta don rashin lafiya kuwa abin da ta ɗauka shi take mayarwa. Ni ba malamar fiƙihu ba ce, kuma na san wasu ƙungiyoyin sun ci gaba da tsohon tsari bisa fahimtar nasu malaman. Abin da zan iya shaida shi ne matan uku sun dawo, ribar shekara ta ragu, aiki kuma ya ƙaru, tunda kowace ranar kasuwa sai mata biyu sun bar sana'arsu sun je sayayya da sunan ƙungiya. Ya kamata duk sabuwar ƙungiya ta warware wannan magana a zamanta na farko, kada ta bari sai an yi wa'azi a kanta.

Babban raunin akwatin yana bayyana ne da damina. Daga Yuni zuwa Agusta rumbuna sun yi ƙasa, gero ya yi tsada, kowa yana neman iri da taki da abin da za a ci a yi noma, sai ka ga mata 15 sun ɗaga hannu a zama ɗaya alhali abin da ke ciki bai wuce na mutum huɗu ba. Dukkanmu gona ɗaya muke dogaro da ita, kasuwa ɗaya muke ci, saboda haka ranar da ɗaya ta shiga matsi duk mun shiga. Mun ga haka ƙarara bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka, masu saro kaya daga Jibiya suka zauna, darajar naira kuma ta faɗi har abin da maza 'yan ci-rani ke aikowa daga Kano da Legas ya zama ba ya sayen rabin abin da yake saye da in an canza shi zuwa sefa. A watannin nan zubi ya koma hannu ɗaya kusan ga kowa. Rancen wata uku ya dace da sana'ar da ke juyawa kullum, irin ƙosai da fura da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, amma bai dace da noma ba, bai kuma dace da kiwo ba, tunda jar akuyar Maraɗi, duk da saurin haihuwarta, sai ta yi wata biyar da ciki. Masu wayo a cikinmu da kuɗin rabo suke sayen akuya, ba su taɓa cin bashi dominta ba.

Wannan ƙarancin ne ya ja mu ga kuskuren da ya kusa wargaza mu. A shekara ta huɗu wani ƙaramin bankin rance ya aiko wakilinsa, ya yaba da tsarin littafinmu, ya yi mana tayin jika 500 da sunan ƙungiya. Muka karɓa da murna, ni ma ina cikin masu goyon baya. Sai ga shi matan da ba su taɓa juya fiye da jika 15 ba sun ɗauki 40, kasuwar ƙauye kuwa ba ta faɗaɗa don an ƙara jari ba, masu cin ƙosai su ne dai na jiya. Bankin yana da ranar biyansa wadda ba ruwanta da kaka ko rashin ruwa, kuma na lura cewa tsoron da mace ke ji na cin kuɗin maƙwabciyarta ba ta jin irinsa a kan kuɗin baƙo. Daga ƙarshe daga ajiyarmu muka cike giɓin, rabon shekarar ya zo ƙasa da abin da kowa ta zuba, mata biyu kuma suka yi wata shida ba sa gaisawa. Ban ce bankin ya cuce mu ba, sharuɗɗansa a rubuce suke kuma ni na karanta wa taro. Mu ne muka manta dalilin da ya sa waɗanda suka kafa tsarin suka ƙi kawo kuɗin waje tun farko.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan ci mini rai. Asusu ba ya karɓar jingina, jinginarsa ita ce mutuncin mace a idon 'yan'uwanta. Wannan ne ya sa da wuya bashi ya nutse, amma yana da kaifi. Wata ƙaramar yarinya a cikinmu ta ɗauki rance da sunan sana'a, ashe mijinta ne ya matsa mata, ya karɓe ya tafi da shi, wata huɗu babu aike. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai bayan ta biya muka ji cewa kwanonin jerenta na aure ta sayar a ɓoye, don kada a kira lambarta ranar Alhamis ta sunkuyar da kai. Littafina ya nuna an biya cif, kuma duk wanda ya duba shi daga nesa zai ce nasara ce. Sayen kaya maimakon miƙa kuɗi ya rage irin wannan, amma buhun gyaɗa ma ana iya ɗauke shi daga ɗaki. Gwaggo ce ta kawo dokar da muke bi yanzu, cewa idan mace ta zo neman rance kuma aka ga alamar ba da son ranta ba ne, taro zai hana ta, don ta koma gida ta ce ƙungiya ce ta ƙi.

Haka nan tsarin ba ya kaiwa ga waɗanda suka fi kowa talauci, duk da abin da ake faɗa. Mata su ke zaɓen junansu, kuma ba sa zaɓen wadda suke shakkar za ta iya kawo dala hamsin kowane mako. Tun 2019 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suke shigowa gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa saboda 'yan bindiga, kuma wasu iyalai sun sauka a ƙauyenmu. Da uku daga cikin matansu suka nemi shiga, taro ya ƙi, bisa hujjar cewa suna iya komawa gida da bashi a kansu. Na yi musu har murya ta dushe, aka kayar da ni. Daga baya suka haɗu da wasu zawarawa da tsofaffi suka kafa tasu ƙungiya mai hannun dala ashirin, muka ba su aron mai horarwa, kuma tana nan tana tafiya. Rashin tsaron nan ya taɓa mu ta wata fuskar ma, domin a watanni biyu na ƙarshe kafin rabo, lokacin da aka daina ba da rance ana tattara basussuka, akwatin yakan ɗauki abin da ya haura jika 700, kuma ma'ajiyarmu ta ce ba ta barci sai rabi da rabi. Kwaɗo uku yana hana 'yar gida, ba ya hana mai bindiga ya ɗauke akwatin dungurungum. Yanzu da kaka mukan juya wani kaso zuwa gero da wake mu zuba a rumbu, mu sayar da bazara, mu fara da 'yan ƙungiya a kan farashi mai sauƙi.

Kwano na biyu, wanda ake zuba dala goma a mako don taimakon gaggawa, shi ne mafi ƙanƙanta a tsarin, amma ban taɓa jin wadda ta yi ƙorafi a kansa ba. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce tiyatar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a asibitocin gwamnati, sai dai dokar ba ta biyan motar da za ta ɗauki mai naƙuda da tsakar dare zuwa Maraɗi. Wannan kuɗi yana cikin jaka dabam a hannun shugaba, ba ya jiran Alhamis. Sau uku a shekara shida aka tashe ta da dare dominsa.

Masu tallata Mata Masu Dubara sun fi son maganar daidaito da 'yancin mata, kuma a nan ya kamata a auna magana. Abin da na gani da idona shi ne macen da ta shekara tana miƙewa a gaban mutum 27 tana faɗin abin da take so da dalilinta, tana jefa ƙuri'a, tana cin shugaba tara in ta makara, ba ta komawa yadda take da. A kudancin Maraɗi ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan, kuma idan gandu ya ƙanƙance gamanar mace, wato 'yar gonarta ta kanta, ita ake fara karɓewa, har akwai 'yan mata da suka tashi ba su taɓa riƙe hauya a gonar kansu ba. Ƙungiyarmu ta je wurin mai gari gaba ɗayanta, ta nemi fili kusa da rijiya don lambun rani, kuma da aka ba mu ba mu tsaya a kan alkawarin baki ba, sai da kwamitin filaye na ƙauye, irin waɗanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, ya ba mu takarda. Mace ɗaya ba za ta iya wannan tafiya ba, ko ta iya ba za a saurare ta ba. A matakin ƙasa ma, dokar kaso ta shekarar 2000 ta tanadi cewa kowane jinsi, mata ko maza, ya sami aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019, kuma tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 jam'iyyu suka gane cewa idan suna neman macen karkara da ta iya magana kuma take da jama'a a bayanta, a ƙungiyoyin asusu ake samun ta. Da yawa sun zama kansiloli ta wannan hanya. An rushe majalisun ƙananan hukumomin a watan Afrilun 2024, kujerun suka tafi, amma zaman Alhamis bai tsaya ba.

Sai dai a cikin gida canjin bai kai yadda ake zuzutawa ba. Daka da ɗiban ruwa da itace suna nan a kan mace kamar da, sana'a ta ƙaru a kansu, wasu mazan kuma da suka ga matansu da kuɗi sai suka janye hannu daga cefane. A matsayina na malamar makaranta akwai abin da ya fi damuna. Idan jarin uwa ya ƙaru, ƙosai ya ƙaru, kuma 'yarta ce ke ɗaukar tire, don haka na sha ganin kujerar yarinya babu kowa ranar kasuwa saboda nasarar da uwarta ta samu a akwatin da ni nake rubuta wa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, jihar Maraɗi kuma ta haura wannan adadi. Kuɗin rabo da yawa a kayan ɗaki yake ƙarewa, kuma uwar da ta gama haɗa gado da katifa da kwanoni ba ta cika son jira ba. Mun sa doka cewa 'yar ƙungiya ba za ta ɗora wa yarinya talla a lokacin aji ba, ana bi ana karyawa, amma aƙalla yanzu magana ce da ake yi a fili, kuma na sami wurin da zan yi ta da iyaye mata 27 a zama ɗaya, abin da taron iyayen yara na makaranta bai taɓa ba ni ba, tunda maza ne ke zuwa.

Ga wadda ke tunanin shiga, ina ba ta shawara ta shiga in tana da sana'a komai ƙanƙantarta, ta shiga da niyyar ajiya, ta ɗauki rance a matsayin abin da ake taɓawa da taka-tsantsan. Ta duba su wa ke riƙe da mabuɗai, kada su kasance 'yan gida ɗaya ko kishiyoyi ko uwa da 'ya, ta tambaya ko ana sake zaɓen shugabanni kowace shekara, ta kuma guji ƙungiyar da aka kafa don an ji wata hukuma za ta raba kaya, domin irinsu ba sa wuce rabon farko. Ta tambayi lokacin fasa akwati ma, don yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Mu shekara biyar muna fasawa gab da Sallah, kuɗin kuma yana tafiya a atamfa da takalman yara cikin mako guda. Bana wata mai hannu ɗaya ta kawo shawarar a mayar da rabo gab da shuka, shugaba ta ƙi, aka kawo tsakuwa aka jefa a kwano biyu. Shugabar ce da kanta ta ƙirga, ta sanar cewa 17 sun rinjayi 11 kuma tana cikin waɗanda aka kayar. Za a fasa akwatin a makon farko na Mayu, kuma mata tara sun riga sun sa na rubuta lambobinsu don su haɗa kuɗi su sayi taki buhu-buhu a Maraɗi maimakon tiya-tiya a kasuwar ƙauye.